Harajin Shagon Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da katafilarka da sauron dajin da kullum kake yi mini ƙorafinsa. Yaya aikin madatsar ruwa? Ciwon bayan ya sake ka? Mu nan lafiya lau. Idon Baba jiya i yau, na hagu ya tafi, na dama yana ganin haske da inuwar mutum. Amma kunne, tubarkalla! Ko cokali na ajiye a madafa sai ya ce na cika gaggawa. Shi ya sa ban kira ka ba ranar da ka ce za ka hau tudu neman sabis. Maganar da ke bakina ba ta waya ba ce a gidan nan, takarda kuwa ba ya iya karanta ta.

Yaya, muna cikin matsala. Ranar Asabar ina share shago na ga yana juye ƙananan notina a cikin wani ambulan mai jan hatimi. Na ce, "Baba, ina ka samo wannan?" Ya ce, "Gwamnati ke aiko mini da su kyauta, ga su da kauri, ba sa yagewa." Na jawo aljihun tebur, sai ga su cike, kowanne da notin rediyon wani a ciki, takardar kuma tana naɗe yadda aka aiko ta. Daga ofishin haraji suke duka. Tun da idonsa ya fara ja da baya ya daina zuwa biya, bai kuma taɓa cewa wani ya karanta masa ba. Ka san halinsa.

Na ɗauki izini a makaranta na je ofishin. Harajin da tarar da ta hau kansa, ko za mu haɗa albashina da naka mu daina ci da sha, ba za mu cike shi a shekara ba. Kuma shagon da gidan takardarsu ɗaya ce. Idan wa'adi ya cika, ba ɗakin gaba kaɗai za su sa wa kwaɗo ba, gidan gaba ɗaya za a yi gwanjonsa. Ina jin haka na nemi wuri a benci, wani dattijo ya matsa mini na zauna.

Akwai ƙofa ɗaya. Sun ce ana yafe wa tsoho ko mai lalura, in ya tabbata sana'arsa ta tsaya ba ya samun komai. To ai gaskiya ce, ta tsaya tun da waya ta kashe kasuwar rediyo. Amma wa zai leƙa shagon nan ya yarda? Kanta cike take. Dabarar nan taka da muka fara bayan rasuwar Umma, lokacin da ya daina cin abinci, ita ce ta cika ta. Har yanzu duk wata da kuɗinka nake sayo matattun rediyoyi wurin 'yan gwangwan, in raba wa tela da mai shayi da mai wanki tare da kuɗin gyara, su kawo masa kamar nasu. Shi kuma ya gyara da kunne da yatsa, su karɓa, su zagaya ta ƙofar baya su dawo mini da su. Ƙarƙashin gadona ya cika. In na rasa sabo sai in yanke waya da almakashi in ba wani ya sake kawowa. Har faɗa Baba ya yi wa mai wanki, wai ɓerayen gidansa akwai kaifin haƙori, ya nemi mage. Tela kuwa ciniki yake yi da shi kamar gaske, ya rage kuɗin, canjin kuma ban taɓa ganinsa ba.

Da asuba yake aske gemu, ya sa riga mai tsabta, ya buɗe shago yana yi wa kansa waƙa. Bai san komai ba, ba harajin ba, ba rediyoyin ba. Ka gaya mini yadda zan yi.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki ta hannun direban motar abinci. Ina lafiya, bayan da sauƙi. Ki gaida Baba, ki ce masa rediyon da ya ba ni har yau ita ke tashinmu a ɗakin kwana.

Na karanta takardar a cikin katafila, na kasa tayar da ita. Amma na ga kin rubuta "dabarar nan taka". To, na ji. Ni na kawo ta, ban musa ba. Sai dai ki tuna yadda ya koma a lokacin, yana zaune a shago tun safe har la'asar ba mai sallama sai ƙuda. Ke kika rubuto mini kina kuka kina cewa za mu bi shi da likkafani bayan Umma. Da bakinki kika ce dabarar ta yi. Yau kuma ta zama tawa ni kaɗai?

Bar wannan. Abu ɗaya nake so ki riƙe: kada Baba ya ji. Ko harajin, ko ɗayar maganar. Mutumin da bai taɓa karɓar ko kuɗin mota a hannuna ba, in ya ji shekarun nan sadaka yake ci a hannun 'ya'yansa ta bayan gida, ba zai tashi ba. Zan ga manaja in nemi bashin albashi. Ke kuma ki koma ofishin ki nemi yafiyar. Ki yi musu magana a hankali, na san bakinki.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Baba ya amsa, ya ce ka cire batir in ba ka ji, kada ya zube a ciki. Ya ɗan yi mura amma ta wuce.

Haba Yaya! Kalma ɗaya ka tsinta a cikin takarda guda ka kafa mata kujera? Ban ce laifinka ba ne. Na ce taka ce don taka ce, ni kuma hannuna dumu-dumu a ciki, ni ke riƙe da almakashi. Gida na neman tafiya kana lissafin wa ya fara.

Na koma ofishin. Ɗaki ne dogo, benci a jere, fanka ɗaya tana juyawa kamar an tilasta mata. Kowa da ambulan irin na Baba a hannu, ba mai kallon idon wani. Wannan taga ta tura ni waccan, waccan ta ce mai sa hannu ya fita, na dawo washegari aka ce fom ɗin ya ƙare. Shugabar makarantarmu ta fara yi mini kallon da ka sani. A ƙarshe na faɗa hannun wata mata mai tabarau a tagar ƙurya. Ba ta da fara'a, amma tana saurare har mutum ya kai aya. Na ba ta takardar likitan ido, na cike fom cewa shagon ba ya ciniki. Na yi magana a hankali, kamar yadda babban yaya ya ba da umarni.

Ta ce saura abu ɗaya: za a turo jami'i ya ga shagon da idonsa, kuma ba a faɗin ranar zuwansa. Abin da ya rubuta shi ne hukunci.

To ka ga inda na tsaya. In na kwashe rediyoyin daga kanta, Baba zai sani kafin in kai ƙofa, domin kowace safiya sai ya bi su da hannu ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunan mai ita. Na gwada dakatar da su tela. Kwana kaɗan ba wanda ya kawo aiki, sai ga shi ya bar abincin rana a rufe, yana tambayata ko an buɗe wani sabon shagon gyara a unguwa. Ban iya jurewa ba, na sake tura mai shayi da wata 'yar ƙarama. In kuma na bar su, jami'i zai zo ya ga kasuwa tana ci.

Jiya na zauna kusa da shi yana narka dalma. Ya ce, "Auta, numfashinki ya canza kwanan nan. Wani ya taɓa ki a makaranta?" Na ce alli ne ya shige mini maƙogwaro. Ya ce in riƙa shan ruwan ɗumi.

Don Allah ka amsa da wannan motar, kada ka jira ta gaba. Ni kaɗai ce a nan, kaina ya ƙulle.

Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ranar zuwan mota ta zo ta wuce, ta sake zagayowa, ba takardarka. Ina fata lafiya. In fushin kalmar nan ce har yanzu, to ka sha kuruminka, abin da ya fi ta ya faru.

Jami'in ya zo, ina makaranta. Tela ne ya turo a kira ni. Kafin in iso an gama komai, sai ƙarshen na tarar, sauran kuma tela ya ba ni labari yana riƙe da kai.

Saurayi ne mai ladabi, da jaka a kafaɗa. Ya yi sallama ya ce daga ofishin haraji yake, ya zo ganin yadda sana'a take. Ka san Baba da baƙo. Ya tashi ya ba shi kujerarsa, ya aika aka kawo shayi da madara, ya shiga ciki ya canza hula. Yaron ya ce, "Baba, an ce kasuwa ta tsaya." Baba ya ce, "Wa ya faɗa? Maƙiyi ne. Alhamdu lillahi, ɗana, dubi kanta." Ya kama hannunsa ya bi da shi rediyo bayan rediyo: wannan ta tela ce, wannan ta mai wanki, wannan jiya aka kawo, wannan gobe za a karɓa. Ya kunna masa ɗaya da ya gama, ta kama tasha tangaram. Ya ce, "Ido ya tafi, amma hannu bai manta ba. A shagon nan na aurar, a nan na yi wa 'ya'yana karatu, har yau ban taɓa miƙa hannu na ce ɗa ya ba ni ba."

Tela ya ce yaron ya yi ƙoƙari, wallahi. Ya sake tambaya, "Amma Baba, ana samun na abinci kuwa? Ba a shan wahala?" Yana buɗe masa ƙofa ne, ko makaho ya gani. Baba ya ce, "Muna cikin rufin asiri. Wanda ya ce yana wahala alhali yana ci, ya yi wa Allah butulci." Ana cikin haka sai ga mai shayi, da bai san dawan garin ba, ya shigo da kuɗin gyara a hannu yana cewa ya zo karɓar tasa. Tela na ta ƙifta masa ido, shi kuwa ya ɗauka cewa ake ya ƙara armashi, har ya ce duk garin nan ba mai gyara kamar Baba, layi ake yi.

Na iso yaron yana rufe jakarsa. Na bi shi waje na ce ya tsaya in yi masa bayani. Ya ce, "Hajiya, na fahimci akwai magana. Amma abin da na gani da abin da mai shago ya faɗa da bakinsa shi zan rubuta. In na rubuta wani abu, aikina ne zai tafi." Ban ga laifinsa ba. Na tsaya a bakin titi kamar an dasa ni.

Da na koma ciki Baba sai murmushi yake. Ya ce, "Kin ga gwamnati ma ta san da mu. Na fita kunyarku ko?" Ya ci abinci a ranar har ya nemi ƙari. Ni ko taɓa nawa ban yi ba.

Amsar ta fito. An ƙi. An rubuta cewa sana'a tana gudana. Wa'adin gwanjo yana nan yadda yake.

Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ba fushi na yi ba. Ruwa ya cinye gadar da motar abinci ke bi, sai ƙaramar mota ke zagayowa, ita kuma ba ta ɗaukar saƙo. Takardunki biyu tare suka iso jiya. Ga wadda na rubuta miki tun farko na haɗa a ciki, ko da yake ba ta da amfani yanzu. A ciki na ce ki kai Baba gidan Gwaggo ya yi mako biyu da sunan hutu, ki kwashe kanta kafin jami'in ya zo. Tana aljihuna duk kwanakin nan, har gumi ya cinye gefenta.

Na ga manaja. Ya ce kamfani ba ya ba da bashin da ya wuce albashin wata, kuma wanda ya tafi gida kafin a rufe madatsar ya tafi ke nan. Na tambayi abokan aiki, kowa da nasa. Na sa agogona da wayata a kasuwa, abin da aka taya ko kuɗin tara ɗaya bai kai ba. Ga shi nan dai na ba direba, ki ƙirga a gabansa.

Na karanta abin da Baba ya ce wa jami'in, na fita bayan ɗaki na zauna. Ban san abin da zan ce miki ba. Ina tura ƙasa da duwatsu tun safe har yamma, amma wannan abu na kasa matsar da shi ko taƙi ɗaya. Ke ce a kusa. Ki yi abin da kika ga ya dace.

Yayanki

*

Yaya,

Na amsa sallamarka. Kuɗin sun iso. Baba lafiya.

"Ki yi abin da kika ga ya dace." Madalla. Da abin yana tafiya daidai umarni kake turowa, kada Baba ya ji, ki yi magana a hankali. Yanzu da ya caɓe an sakar mini ragama, in ya mutu a hannuna ya mutu. Na gode.

Na koma wurin mai tabarau. Wannan karon ban ɓoye komai ba, na ba ta labarin 'yan gwangwan da almakashi da ƙarƙashin gado. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce tun da take aiki mutane ke zuwa suna ɓoye mata ciniki, yau ta ga masu ƙirƙiro shi. Ta ce ana iya neman a sake duba hukuncin, sau ɗaya tak. Sai maƙwabtan sun rubuta da rantsuwa cewa rediyoyin ba nasu ba ne, kuɗin ma ba nasu ba. Sai ni na rubuta nawa. Sannan mai shago ya zo da kansa ya dangwala yatsa cewa ya rufe sana'a.

Tela da mai wanki sun rubuta. Mai shayi ya yi ta kuka yana cewa shi ya kashe mu, da ƙyar na lallashe shi na rubuta masa ya sa hannu.

Sau biyu ina zama gaban Baba da niyyar faɗa masa. Na farko ya riga ni, ya ce in taya shi nemo wani noti da ya faɗi. Na biyu na ce, "Baba," ya ce, "Na'am, Autata," sai na ce shayinsa zai huce. Yanzu tunanina shi ne in ce masa takardar sabunta rajista ce, ya dangwala mu dawo. In an yafe, sai in san yadda zan janye shi daga shagon a hankali. Ƙarya a kan ƙarya, na sani. Ba ni da wata.

Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Ban sakar miki ba, wallahi. Na rubuta haka ne don na ji kunyar ba ki umarni daga nesa bayan duk umarnina bai haifar da komai ba. Ban iya magana ba, kin sani tun muna yara.

Ki yi yadda kika ce, rajista. In kuma gaskiya ta fito, ki ce masa ni ne. Ki ce ni na tilasta miki, ni na turo kuɗin, ke ba ki so ba. Ni ina nesa, fushinsa zai huce kafin ya iso nan. Ke ce kike zuba masa ruwan alwala, kada ya rasa wanda zai yi wa magana a gidan.

Ki rubuto ko me ya faru.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna nan da rai.

Mun je. Ya sa farar rigarsa, ya ce ba a zuwa wurin hukuma a wulaƙance. A mota yana ta ba direba shawara a kan rediyon motarsa, wai eriya ce ta saki. Na riƙe hannunsa muka hau matakala, ya gaida duk wanda ya ji motsinsa a benci.

Aka shigar da mu wani ƙaramin ɗaki, mai tabarau da wani babba a bayan tebur. Na miƙa takardu, na jawo kushin tawada kusa da hannunsa. Sai matar ta ce, "Baba ba ya gani ko?" Na ce e. Ta ce, "To doka ta ce wanda ba ya gani sai an karanta masa duk abin da zai dangwala a kai, a gaban shaida." Na dube ta. Na roƙe ta da ido, har na girgiza mata kai. Ta sunkuyar da nata ta ce a hankali, "In ban karanta ba, takardar banza ce."

Baba ya ce, "Karanta, 'yata, ina ji."

Ta fara da bashin. Baba ya ɗan gyara zama ya ce, "Ambulan ɗin nan ne?" Matar ta ci gaba. Ta ɗauko takardar tela: ni tela, maƙwabcin mai shago, na rantse rediyon da nake kai masa ba tawa ba ce, 'yarsa ke ba ni tare da kuɗin gyara. Baba ya yi 'yar dariya ya ce, "Tela dai da wasa." Ta karanta ta mai wanki. Ta karanta ta mai shayi. Dariyar ta tsaya. Da ta zo kan tawa sai ta tsaya, babban ya karɓa ya ƙarasa, har wurin almakashi.

Na ce, "Baba, Yaya ne ya ce," kamar yadda ka umarta. Ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Ashe na ɗauki alhakin ɓeraye."

Sai ya juyo inda nake ya ce, "Waɗanda na gyara, ina suke?" Na ce suna ƙarƙashin gadona. Ya ce, "Suna yi?" Na ce suna yi, Baba, duka suna yi, wallahi. Ya gyaɗa kai. Babban ya tambaye shi ko ya yarda sana'arsa ta tsaya kuma ba shi da abin biya. Ka san bai taɓa furta irin wannan ba tun da aka haife mu. Baba ya ce, "In na ce a'a, yarinyar nan za ta kwana a titi?" Aka ce gidan zai tafi. Ya ce, "To ba ni da shi. Ba ni da komai." Ya laluba kushin da kansa ya dangwala.

A hanyar dawowa bai yi wa direba magana ba. Da muka iso ya sa tela ya hau benci ya sauke allon shago. Tela na ta ba shi haƙuri, ya ce, "Ba komai, Allah ya saka da alheri. Canjin da kake ragewa ma na yafe." Ya rufe ƙofar ya ba ni makulli.

Bai yi mini faɗa ba, Yaya. Da ya yi da na ji sauƙi. Godiya yake yi mini in na kawo abinci, kamar baƙo.

Auta

*

Yaya,

Sallama. Na samu takardunka biyu, ka yafe mini rashin amsa. Wadda ka rubuto wa Baba na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Ki ce Allah ya yi masa albarka." Na ce shi ke nan? Ya ce shi ke nan.

An yafe. Takardar ta zo, harajin da tarar duka, gida ya tsira. Mai tabarau da kanta ta kira ni ta faɗa mini. Na karanta wa Baba, ya ce alhamdu lillahi, ya miƙo hannu ya shafa ambulan ɗin, ya ce wannan ma mai kauri ce, ya mayar mini.

Yana cin abinci kaɗan. Yana zama a tsakar gida inda rana ke sauka, hannuwansa a kan gwiwa. Gemun ya fito, na ce in kira wanzami, ya ce ba inda za shi.

Jiya bayan la'asar wani dattijo ya yi sallama, da rediyo a naɗe cikin tsumma. Maigadi ne a wata ma'ajiyar kaya can ƙarshen gari, ya ce rediyon ke taya shi zama a bakin aiki, ta yi shiru tun makon jiya. Ya zaga kasuwa duk masu gyaran waya suka yi masa dariya, sai wani ya kwatanta masa gidanmu. Mota biyu ya hau. Yaya, na rantse da Allah ban taɓa ganinsa ba. Na shigo da shi har gaban Baba, na ce ko kyauta ce a duba masa, ba wanda ya hana taimako.

Baba ya karɓe ta. Ya juya ta, ya kai kunne ya girgiza, babban yatsansa ya sami notin baya ya tsaya a kai. Na ga fuskarsa ta fara dawowa. Har na juya zan ɗauko sukundireba.

Sai ya naɗe ta cikin tsummanta ya miƙa masa da hannu biyu. Ya ce, "Ka iya sosai, malam, ka fi tela. Ka gaida wanda ya aiko ka."

Na rantse masa ba mu muka turo shi ba, na yi kuka, na kama ƙafarsa. Ya ce, "Na sani, Auta. Allah ya yi muku albarka," ya juya fuskarsa wajen rana.

Na raka dattijon ƙofa. Ya tsaya da rediyonsa a hammata yana dubana, ya ce, "'Yata, wa zai aiko ni? Ni dai rediyona ce ta lalace." Na shiga ɗaki na jawo ɗaya daga ƙarƙashin gado na ba shi. Ya kunna a bakin ƙofa ta kama tasha nan take, ya ce lallai wanda ya gyara wannan ya san aiki. Baba yana tsakar gida, na san ya ji.

Kada ka turo kuɗin rediyo wannan watan. In an rufe madatsar ka zo.

Ƙanwarka,
Auta